Mai Tufkar Igiya, Lamba Ta Bakwai

Kafin ku fara zagina a ƙasan rubutun nan, ku bari in kai ƙarshe. Ni ma na zagi kaina, kuma na fi ku sanin inda zagin ya fi zafi. Sau uku ina rubuta wannan kashi ina gogewa, don duk sanda na zo wurin sai in ga na fara yi wa kaina kwaskwarima. Yau na rantse yadda abin ya faru haka zan faɗa.

Ga waɗanda yau suka fara bina, sunana Shiuna, shekarata ashirin da huɗu. Ina aiki a masaukin baƙi na Daita Rugiyya, yayar babana, ɗakuna shida a bakin teku, a tsibirinmu da za ka zagaye shi da keke kafin shayinka ya huce. Daita ce ta riƙe ni tun ina 'yar shekara tara, shekarar da babana ya fita kamun kifi bai dawo ba. Mahaifiyata kuwa, Mamma Sanfa, tana nan da ranta a can ƙarshen tsibiri ta gabas, tana tufkar igiya da zaren ɓawon kwakwa kamar yadda uwarta ta yi.

Sai Naushad. Injiniya ne daga Male, babban birnin ƙasarmu, wata takwas da suka wuce aka turo shi gyaran injin da ke tace mana ruwan teku ya zama na sha. Sati biyu ya yi a ɗaki na biyu, ya tafi da lambata, tun daga nan wayata ba ta huta ba. Ba zan ɓoye muku ba, ina son sa. Irin son da ko sunansa ya fito a fuskar waya sai na gyara ɗankwali, alhali ba ganina yake yi ba.

Wata ranar Asabar ina shanya tawul saƙonsa ya shigo.

"Mamata da ƙanwata Risha za su zo hutu jibi. Kwana uku. Ki ajiye musu ɗaki mai kallon ruwa."

Kafin in amsa ya ƙaro wani: "Hutu ne kawai fa, kada ki tsorata."

Na rubuta masa "Allah ya kawo su lafiya," na saki tawul a ƙasa na ruga wurin Daita. Tana zaune cikin joli, kujerar igiyar nan ta ƙofar kicin, tana tsince shinkafa. Na miƙa mata wayar. Ta nisanta ta da ido, ta karanta, ta dube ni.

"Hutu? Matar da ke zaune a bene a Male za ta hau jirgi awa uku don ta zo ta kalli yashi? Ke za ta kalla, sakarya."

"Daita, shi ya ce hutu ne."

"Shi namiji ne, me ya sani? Ki cire labulen ɗaki na huɗu a wanke. Ki daina sa silifas ɗin nan mai kama da na masu wankin kifi. Kuma ki rage dariya, haƙoranki duka a waje kamar an ce miki za a saya." Ta ci gaba da tsintarta. "Sai maganar Sanfa."

Na ɗago na dube ta.

"Kada ki yi min wannan kallon, ban ce a jefa ta teku ba. Cewa na yi a bi abu a hankali. Ranar Laraba, darensu na ƙarshe, za mu yi musu abinci na musamman, ta yi wanka ta zo ta zauna kamar kowace uwa. Kafin nan kada su gan ta cikin taɓon nan. Mutanen Male da hanci suke fara ganin mutum. Shekara goma sha biyar ina goge ki, ba zan bari warin ruɓaɓɓen ɓawo ya kore miki miji ba."

Kun san me na ce? Na ce, "To, Daita."

A nan zan iya ɗora mata laifin duka in huta, amma ƙarya zan yi. Abin da ta faɗa da baki ya daɗe a cikina. Ana binne ɓawon kwakwa ne a taɓon bakin ruwa wata da watanni sai ya ruɓe, a tono, a daka shi da kulki a kan gungume sai zaren ya rabu, a wanke, a shanya, sannan a murza tsakanin tafin hannu ya zama igiya. Warinsa ba ya fita da wanka ɗaya. A makaranta yara toshe hanci suke yi in na zauna kusa da su, har aka laƙaba min suna da ba zan maimaita a nan ba. Da Naushad ya taɓa tambayata aikin Mamma, cewa na yi, "Tana 'yar sana'ar hannu a gida," na sako zancen kifi. Bai sake tambaya ba, ni kuma na ji daɗi.

Yanzu bari in gaya muku labarin takardar.

Turawan da ke sauka wurinmu duk halinsu ɗaya. Ranar farko su ce shirun nan suka zo nema, su miƙe a yashi da littafi. Rana ta biyu da hantsi ga su a gabana: "Me ake yi a nan?" Da na gaji da amsawa sai na zauna na rubuta abubuwa goma, na kai aka buga aka rufe da leda, kowane ɗaki ɗaya. Fita da jirgi ganin kifin dolfin da sassafe. Sa gilashin ruwa a yi iyo tare da kunkuru a bayan duwatsu. Zuwa tudun yashin da ke fitowa tsakiyar teku in ruwa ya janye, a ci abincin rana a kansa kafin ya sake nutsewa. Zagaya tsibiri da keke, kamun kifi da faɗuwar rana, koyon kwaɓa mas huni, haɗin kifi da kwakwa da muke karyawa da shi, a kicin ɗin Daita, har da lamba ta goma da na fi alfahari da ita: "Kada ka yi komai." Suna son wannan, har hotonta suke ɗauka.

Lamba ta bakwai kuwa cewa take: "Ziyarci wata dattijuwa mai tufkar igiya irin ta da."

Shekara biyu ina kai baƙi wurin. In tsaya daga gefe in zuba musu bayani da Turanci, Mamma tana aikinta ba ta ɗago kai, su ɗauki hoto, su gwada murzawa su kasa, a yi dariya, a watse. Ko sau ɗaya ban taɓa ce wa wani uwata ce ba. Ba wanda ya tambaya, Mamma kuma ba ta jin Turanci, don haka ban taɓa damuwa da abin da nake kiranta ba. Bayanin ya zauna min a baki kamar karatun allo.

Ranar Lahadi na bi ɗakuna na kwashe takardun nan na tura ƙarƙashin katifata. Na manta shaf cewa ta ɗaki na huɗu ba a kan tebur take ba, wani baƙo ya taɓa jiƙa ta da shayi, na liƙa sabuwa a cikin murfin kabad ɗin kaya.

Litinin da la'asar jirginsu ya iso. Na sa doguwar rigata mai ruwan ganye da farin mayafi da takalmin Daita da ke matse min ɗan yatsa. Risha ta fara sauka, 'yar siririya da ƙaton gilashi, waya a sama tun kafin ƙafarta ta taɓa ƙasa. Sai Maman Naushad, gajeruwa, cikin shuɗiyar riga mai duhu, awarwaron zinare shida a hannu, jaka a maƙale a hammata. Ba ta da yawan magana. Ta dube ni daga sama har ƙasa sau ɗaya tak, ta ce, "Ke ce Shiuna. Kin fi hotonki tsawo." Har yau ban san yabo ne ko akasinsa ba.

Yammacin ya tafi lafiya. Suka sha baƙin shayi da gulha mai zafi, 'yan ƙwallayen fulawa masu kifi a ciki, a bakin ruwa, Risha ta ɗauki faɗuwar rana hoto kusan ɗari, Daita ta yi ta zuba labarin yadda ta raine ni, "kamar ni na haife ta." Maman Naushad sai gyaɗa kai take yi.

Talata da safe na kawo musu mas huni da roshi, wato gurasarmu, ina zuba shayi, sai matar nan ta buɗe jaka ta zaro takardar. Har da guntun selotef a kusurwarta. Butar ta kusa suɓuce min.

"Ke kika rubuta wannan?"

"Ni ce."

"Kin iya tsara abu. Risha za ta bi jirgi ta ga dolfin. Ni teku ba ta sona, ni ma ba na son ta. Ki kai ni lamba ta bakwai."

Na ji Daita ta saki cokali a bayana.

"Wurin akwai wari sosai," na ce. "Ga lamba ta shida, koyon girki, a nan cikin inuwa..."

"Shekara arba'in ina girki, yarinya. Wari kuma na taɓa jin sa."

"Da nisa fa."

"Tsibirin duka nawa yake?"

"Wataƙila ma ba ta fito ba yau."

Ta kalli teku ta taga, ta kurɓi shayi. "Ruwa ya janye tun asuba. In ba ta fito yau ba, yaushe za ta fito?"

Da ina cikin hankalina da na tsaya na tambayi kaina ina matar bene ta san lokacin tonon ɓawo. Amma tsoro ya toshe min kai. Na shige kicin na kira wayar Mamma sau huɗu, tana ta ringi ba a ɗauka ba. Na san inda take, a kan kantar ɗaki kusa da gwangwanin sukari, inda kullum take barinta don kada taɓo ya ɓata ta. Daita ta biyo ni tana raɗa da ƙarfi: "Ki san yadda za ki yi! Ki bi da ita ta wata hanya, ki ce kin ɓata!" A tsibirin da titi uku ne.

Muka kama hanya, ni a gaba da lema, ita a baya tana takawa a hankali. Mata sun gama sharar safe, yashin titi ya yi layi-layi da sawun tsintsiya. Duk wadda muka wuce sai ta gaishe mu ta bi mu da ido, don babu wanda bai san wace ce baƙuwar ba, babu kuma wanda bai san inda titin nan ya nufa ba. Na yi ta cewa a raina, yanzu zan faɗa mata. A gindin bishiyar can zan faɗa. In mun wuce masallaci zan faɗa. Muka wuce masallaci, muka wuce injin ruwa, wari ya fara taro mu.

Mamma tana cikin taɓo har ƙwauri. Tsohon zani ta ɗaura, da wata rigar babana da ta koɗe har ba a gane launinta, da ƙyalle a ka. Ta tono ɓawo ta tara a gefen gungume, baƙi ƙirin, yana ɗigar ruwa. Ta ɗaga kulki ke nan ta hango mu.

Jama'a, fuskarta. Daita ta riga ta aika mata cewa dangin yaron sun zo, don haka kallo ɗaya ta yi ta gane. Ta ajiye kulkin, ta shiga goge hannu a zani da sauri, ta taɓa ƙyallen kanta tana gyarawa, ta fara fitowa daga taɓon tana murmushi, irin murmushin da rabona da ganinsa tun ranar da na gama makaranta.

Ni kuma na tsaya daidai inda na saba tsayawa, na miƙa hannu yadda na saba miƙawa, bakina ya buɗe.

"Wannan wata dattijuwa ce ta tsibirinmu, tana cikin 'yan kaɗan da suka rage masu wannan aiki. Ana binne ɓawon ne wata..."

Sai da na kai nan kunnena ya ji abin da bakina ke faɗa. Ba da Turanci nake yi ba. Da harshenmu nake yi, wanda Mamma ta koya min.

Ta tsaya cak, ƙafa ɗaya a taɓo ɗaya a yashi.

Kada ku ce suɓutar baki ce, don an ba ni dama ta biyu. Maman Naushad ta juyo ta dube ni, a hankali ta ce, "Kin san ta sosai?"

Kalma biyu kawai ake nema a wurina. Na kalli awarwaron zinaren, na kalli ƙafafun Mamma, na ce, "Maƙwabciyarmu ce ta da."

Na ji ƙarar ruwa can nesa, da wani hankaka a kan kwakwa. Maman Naushad ta matsa gaba ta yi sallama, Mamma ta amsa, muryarta ko rawa ba ta yi ba.

"Sannu da aiki, 'yar'uwa. Kina da 'ya'ya?"

Mamma ba ta kalle ni ba. Da ta kalle ni da ya fi min sauƙi.

"Ɗaya," ta ce. "Mace. Tana aiki wurin manyan mutane."

"Allah ya raya ta."

"Amin."

Ta koma ta ɗauki kulkinta. Na ɗauka shi ke nan, za mu juya in je in mutu a ɗakina. Sai na ga Maman Naushad tana zare awarwaro ɗaya bayan ɗaya. Ta miƙo min su da jakar ba tare da ta dube ni ba, ta cire takalmi, ta tattare shuɗiyar rigar nan ta zauna a ƙarshen gungumen, a kan jiƙa da komai. Ta jawo busasshen zare daga kwandon Mamma, ta ja shi, ta shinshina.

"Wata nawa ya yi a ƙasa?"

"Biyar," in ji Mamma.

"Shi ya sa ya yi laushi. Mu a kudu huɗu muke yi, uwata ba ta da haƙuri."

Ta raba zaren biyu, ta ɗora a tafi, ta murza. Igiya ta fara fitowa daga ƙasan hannunta, siririya, daidai wa daida, babu ƙulli ko ɗaya. Ni da na girma a gindin aikin nan ban iya rabin haka ba. Mamma ta dakata da duka tana kallo.

"Kin ja da yawa ta hagu," ta ce.

"Shekara talatin rabona da shi, ki yi min uzuri!"

"Hannu dai bai manta ba. Zinaren ne ya sa shi lalaci."

Suka kwashe da dariya. Mamma ta zauna kusa da ita, suka shiga hira kamar tare suka tashi. Wane ɓawo ya fi, na ɗanyar kwakwa ko na wadda ta fara bushewa. Yadda tafin hannu ke tsagewa lokacin iska, da man da ake shafawa. Maman Naushad ta ce da igiyar uwarta aka ɗaure rufin makarantar garinsu, da kuɗinta kuma aka kai su karatu Male su huɗu, kuma har tsohuwar ta rasu ba ta yarda an sa igiyar roba a gidanta ba. Ta buɗe tafinta ta nuna wa Mamma wani tsohon tabo, Mamma ta nuna nata.

Ni ina tsaye a rana da lema a hannu ɗaya, jaka da awarwaro a ɗayan, babu mai ce min ko zauna. Takalmin Daita yana cizona. Kunya ta rufe ni har na ji ina ma taɓon nan ya haɗiye ni ya riƙe ni wata biyar ɗin. Jakar ba a zuge take ba, na hango wani ƙunshi a ciki an naɗe shi da takarda mai ƙyalli. Har muka tashi ba ta ciro shi ba.

Da za mu tafi Mamma ta naɗe igiyar da baƙuwar ta tufka ta ba ta. Ni kuma ta ce min, "Ki bi da ita ta inuwa, rana ta yi." Haka take ce min in na kawo Turawa.

Muka tako har ƙofar masauki. Nan ta karɓi awarwaronta tana mayarwa, ta ce, "Hannun matar nan ya fi na uwata. 'Yarta ta yi sa'ar uwa, ko a ina take." Ta shige ɗaki ta rufo ƙofa.

Na faɗa ɗakin ajiyar tawul na zauna a ƙasa. Wayata ta yi ƙara. Naushad.

"Yaya? Sun haɗu?"

Na rubuta, "Su wa?"

"Mamata da Mamma Sanfa mana! Tun a jirgi take ɗoki. Ta ce ba za ta jira wata liyafa ba, a wurin aikinta take son ta same ta. Ta ba ta mayafin? Kwana biyu tana zagaya kasuwa kafin ta zaɓa."

Da ƙyar na haɗa, "Ina ka san Mamma?"

"Haba Shiuna. Injin ruwa ba a bayan gidanta yake ba? Sati biyun nan kullum sai ta kawo min shayi da ruwan kwakwa. Ita ta fara ce min, 'yata ce mai ba ka makulli a masauki, ta fi kowa Turanci a tsibirin nan. Har hoto muka ɗauka, shi na nuna wa mamata."

Sai wani ya biyo baya: "Na lura ba kya son zancen, shi ya sa na bari sai ranar da kika kawo shi da kanki. Lafiya dai? Kin yi shiru."

Na kife wayar a kan tawul. Ashe tun da ta zaro takardar ta san wurin wa za ta. Tana sane ta tambaye ni, tana sane ta saurari amsata. Mamma kuma, da nake ɓoyewa wata takwas, ita ta fara tallata ni.

Daita ta turo ƙofa ta same ni. Na gaya mata duka, ban rage komai ba. Ta dafe ƙirji.

"Maƙwabciya? Kika ce maƙwabciya? A gabanta?"

"Ke kika ce kada su gan ta..."

"Ni na ce ki ɓoye ta kwana biyu, ban ce ki sake uwa ba! Kada ki kuskura ki shafa min. Ni ko a bayan idonta ban taɓa cewa ba ita ta haife ki ba." Ta yi ta kai da kawowa a ɗan ɗakin, sannan ta fita ta dawo da leda. "Ungo. Rigar da na ɗinka mata ce ta gobe. Ki kai mata da kanki, ki durƙusa, ki yi kuka, ki yi duk abin da za ki yi. In Sanfa ba ta zauna a teburin nan gobe ba, ki manta da yaron nan."

Yaron. Wallahi a lokacin ko tuna shi ban yi ba.

Sai bayan la'asar na iya tashi. Na cire takalmin Daita na sa silifas ɗina, na bi ta bayan gari don kada in haɗu da kowa. Gidanmu yana nan yadda yake, katangar dutse da ta gaza kafaɗata, rijiya, zaren ɓawo a shanye a kan tabarma ya yi ja kamar gashin masara. Mamma ta yi wanka, tana zaune a bakin ƙofar ɗaki tana shafa mai a tafin hannu. Na yi sallama, ta amsa. Na durƙusa a gabanta na ajiye ledar.

"Mamma..."

"Kin ci abinci?"

"Mamma, don Allah ki tsaya in..."

"Akwai garudiya, romon kifin nan, a tukunya, da sauran zafinta."

Kuka ya ƙwace min. Na kama ƙafarta, na ce ta yafe min, na ce tsoro ne, na ce ban san abin da ya shiga kaina ba. Ta bar ni na yi mai isata. Ba ta janye ƙafar ba, ba ta kuma dafa kaina ba.

"Abin da kika faɗa yau," ta ce, "shi kike faɗa wa Turawan nan?"

Na kasa ɗago kai.

"Shekara biyu ina ganin kina nuno ni da hannu kina magana, suna murmushi. Na ɗauka cewa kike, ga uwata." Ta rufe kwalbar man. "Shi ya sa nake sunkuyar da kai. Kunyar yabo nake ji."

Da duka ta rufe ni da kulkin nan da na gode mata. Ta jawo ledar, ta leƙa, ta shafa rigar da bayan hannu don kada mai ya taɓa ta, ta mayar ta turo min.

"Ki ce wa Rugiyya na gode, ɗinkin ya yi kyau. Amma maƙwabciya ba ta zama a teburin neman aure. Ku ci abincinku, ni zan yi miki addu'a daga nan."

"Mamma, in ba ki zo ba ni ma ba za ni ba."

"Wannan kuma ruwanki."

Na buɗe baki ke nan sai muka ji sallama daga ƙofar gida. Muryar mace, a natse. Na waiga. Maman Naushad ce tsaye a bakin katanga, ita kaɗai, babu lema, babu awarwaro ko ɗaya a hannunta, ƙunshin nan mai ƙyalli a rungume a ƙirjinta. Ta ga Mamma sarai, ta gan ni durƙushe da fuska jage-jage. Ba ta shigo ba.

"Ku yi haƙuri, baƙuwa ce ni a garin nan," ta ce. "Gidan mahaifiyar Shiuna nake nema. Nan ne?"

Na juya wurin Mamma, ina jira ta amsa kamar yadda mai gida ke amsawa. Ta ɗora hannuwanta a gwiwa, ta dube ni ido cikin ido, karo na farko tun safe.

"Tashi ki amsa mata," ta ce. "Ke kika san ko gidan wa ne."